Datsun Mai Tafiyar Ƙafa

Ranar Laraba da safe aka wayi gari jar Datsun ɗin Alhaji Ndaliman ba ta cikin rumfarta, ga shi Asabar ɗin makon za mu yi tseren motoci na farkon damina. Kwaɗon ƙofa yana rataye a buɗe, ba wanda ya fasa shi. Tamfol ɗin da ake rufe motar da shi an ninke shi tsaf, an ɗora a kan benci.

Kafin in iso da tsohuwar motata Bosuwaja, wadda rabin rayuwarta turawa ake yi, unguwar Fadikpe kaf ta hallara a gaban rumfar. Mata da goyo, masu tallan doya, har da mutanen da ba su san gaban mota daga bayanta ba, kowa yana nuna bakin titi yana rantsuwa cewa ta Bida ɓarawon ya bi.

Ni ne Jiya, malamin makaranta, mai riƙe agogo a ƙungiyarmu ta masu son mota. Ƙungiyar ba wata babba ba ce. 'Yan kasuwa ne da ma'aikatan reluwe da irina, duk wanda ƙarar inji ke hana shi sukuni. Kowace Asabar da yamma mukan taru ƙarƙashin mangwaron garejin Irimiya, mu yi ta zancen tseren Kenya wanda ba wanda ya taɓa gani a cikinmu sai a hoton mujalla. Sau ɗaya a shekara mu yi namu, daga Minna zuwa Beji a kan burji, mu zagayo. A shekarar 1985 ɗin nan ba abin da muke taƙama da shi kamar Datsun ɗin Alhaji. Kujera biyu gare ta, ga doguwar gaba, ƙasa-ƙasa da ita, idan rana ta faɗa mata sai ka ce da manja aka wanke ta. Ba na jin kunyar faɗa, ni dai na sha tuƙa ta a mafarki.

Makullinta biyu ne. Ɗaya yana hannun Alhaji, ɗaya yana hannun Irimiya, bakaniken da ke kula da ita, kuma mai karanta masa hanya. A tsere direba ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai wanda ke zaune a gefensa yana faɗa masa abin da ke gaba: kwana dama, rami, gada, taka. Shekara da shekaru Irimiya ke kan wannan kujerar.

Ana cikin hayaniya sai ga shi a kan babur, wandonsa duk laka.

"Daga ina kake?" wani ya daka masa tsawa.

Irimiya ya dubi rumfar, ya dubi tamfol ɗin da ke kan benci, sannan ya dubi Alhaji. Alhaji yana tsaye da baƙin tabaransa na 'yan tsere, ya dafa ginshiƙin rumfa. Matarsa Halimatu tana can ƙofar gidansu da ke tsallaken fili, ta rufe baki da mayafi.

"Ba ka ji ba ne? Daga ina kake?"

Shiru. To, shirun nan ne ya kai shi caji ofis. Saje ya ce idan motar ba ta fito ba, ranar Juma'a kotu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, waɗanda suka riƙe masa wuyan riga duk mutanen da ya sha kwanciya ƙarƙashin motocinsu ne cikin rana. Wallahi ranar na ji kamar in cire agogon ƙungiya in jefa a kwata.

*

Ban jefa ba. Na sa yara suka tura ni, na nufi Paiko ɗauko Baba Shekwolo.

Baba Shekwolo tsohon malamin daji ne, kafin nan kuma mafarauci. Idan an kore shanu ko akuya ta ɓata, shi ake kira ya bi sawu. Mota kuwa ba ya ƙaunarta ko kaɗan. Tun daga Paiko har Minna kansa yana waje ta taga, yana cewa wannan kunkurun nawa zai juya masa hanji.

Da ya ga gaban rumfar sai ya riƙe haɓa. "Malam, rawa suka yi a nan?"

"Jaje suka zo, Baba."

"Sun kyauta."

Bai ko kalli bakin titi ba. Ya zagaya bayan rumfar, inda wata 'yar hanya ta ratsa ciyawa ta nufi gonaki, hanyar da ba wanda zai yi tunanin sa motar kirki a kanta. An yi ruwa daren Talata, ƙasa tana da taushi. Ya tsuguna ya daɗe. Sannan ya aika a karɓo masa tasa, ya kife ta a kan wani abu a ƙasa, ya ɗora dutse.

"Mu bi mana," na ce.

"Da wannan ranar a tsakar ka? Ba za ka ga komai ba. Sai gobe da sassafe, lokacin da hasken zai zo a kwance ya yi wa sawun inuwa."

Na ɗaga kai. Hadari yana haɗuwa ta gabas. "Idan aka yi ruwa fa?"

"Sai ka yi addu'a, ni ma in yi tawa. Yanzu kai ni wurin matarsa."

*

Esta, matar Irimiya, tana zaune a bakin murhu a gidansu da ke jikin gareji, idonta ya kumbura.

"Ni na kai shi da bakina, Baba. 'Yan sanda suka tambaye ni, na ce tun kafin gari ya waye ya fita. Ai ban san abin da suke nufi ba."

"Da me ya fita?"

"Da babur. Makonni ke nan haka yake yi. Ya dawo ƙafa duk laka, in tambaye shi, ya ce aiki. Ko barci yake yi sai ka ji yana cewa dama, hagu, dama. Har na ce masa Baban Mary, ko coci za mu kai ka a yi maka addu'a?"

"Kin ji tashin motar?"

"Na ji."

"Kafin babur ko bayan babur?"

Ta yi tunani. "Bayan babur. Ƙarar babur ta ɓace, an idar da sallar asuba a masallaci, sannan na ji ta. Na ɗauka ya dawo ne yana ɗumama inji."

"Da ƙarfi?"

"A'a. Ƙasa-ƙasa, kamar kyanwa idan ana shafa ta. Na hura wuta ina jinta. Na ɗora ruwa ina jinta. Har ruwan ya tafasa ban daina jinta can nesa ba. Kamar ba ta son tafiya."

Da muka fito na ce, "Baba, motar da ke isa Bosso kafin ka ɗaura igiyar takalmi, ta yaya za a yi ta jinta har ruwa ya tafasa?"

"Kai ne mai agogo," ya ce. "Ni ban san mota ba."

*

Zuciyata kuwa tana kan Yisa. Yisa mai sayar da siminti ne, yana da Fijo da ya kashe mata dukiya, kuma duk shekara shi ke zuwa na biyu. A gaban kowa ya ce bana ko ta halin ƙaƙa Datsun ba za ta riga shi shiga Minna ba. Ga shi kuma Baba Shekwolo ya ga sawun tayarsa a gefen rumfar.

Muka same shi a shago. Ya fara da zafi, yana cewa shi ɗan mutunci ne, a tambayi kowa a Bida. Baba Shekwolo ya bar shi ya gaji, sannan ya ce, "Talata da yamma, kafin ruwa, ka tsaya a jikin rumfar. Ka hau kan bulo. Me kake nema?"

Yisa ya sosa ƙeya. Ƙaton mutum, sai ga shi yana kallon ƙasa kamar ɗan aji ɗaya.

"Akwai wata 'yar ɓula a jikin kwanon," ya ce. "Leƙe nake yi."

"Leƙen me?"

"Ita mana! Kallo kawai. Malam Jiya, don Allah kada ka kai maganar nan ƙarƙashin mangwaro." Ya ja numfashi. "In sace ta in yi me da ita? Idan ba ta cikin tseren, wa zan ci? Bosuwajarka?"

Na haɗiye wannan don ina kan aiki.

"Bara kana bayansu," in ji Baba Shekwolo. "Ka ga wani abu?"

"Ƙura na gani. Sai dai da muka sauka, Irimiya ba ya iya magana, muryarsa ta dishe ƙurmus. Na ce masa kai waƙa ka yi ta rerawa a hanya? Nawa mai karanta hanyar bai yi rabin surutunsa ba."

*

Daga nan muka shiga gaida Alhaji. Yana zaune a falo, labule a sauke, tabarau a fuska. Ya ce kansa ke ciwo. Muka jajanta. Halimatu ta kawo ruwa, ta ajiye namu a kan tebur, nasa kuma ta sa masa a hannu.

"Alhaji," in ji Baba Shekwolo, "kana ganin yaron nan zai iya?"

Alhaji ya daɗe yana juya kofin. "Ni ban ce shi ba ne."

"Ka ce ba shi ba ne?"

Ya kai kofin baki. Na ji haushin tambayar a lokacin, na ga kamar ana matsa wa mutumin da aka yi wa hasara. Muka yi sallama muka fito. Hadarin ya yi ta gurnani har magariba, amma Allah ya taimake mu, ya wuce ta Paiko bai zubar mana ko ɗigo ba.

*

Ranar Alhamis rana tana leƙowa muna bayan rumfa. Ƙasa tana tururi, raɓa ta kwanta a kan ciyawa, duwatsun Minna sun yi shuɗi can baya. Baba Shekwolo ya ɗaga tasar. Sawun taya ne, a gefensa na hagu kuma sawun silifa, ƙarami, na mace.

Muka bi. Ban taɓa ganin sawun mota irin wannan ba. Kowane zane na tayar ya fito raɗau, ba laka ko ɗaya da ta fantsama gefe. Motar da ke gudu tana watsa ƙasa, tana goge sawunta. Wannan kuwa a giyar farko aka tafi da ita, totur a lallaɓe. Sawun silifar bai rabu da ita ba, kullum yana daidai ƙofar direba, taku ɗaya bayan ɗaya, ba sauri.

"Turawa take yi?" na tambaya.

"Mai turawa yana kafa yatsu. Wannan tafiya kawai take yi. Hannunta ɗaya yana kan ƙofa, dubi yadda ƙafar dama ta fi nutsewa."

Muka ratsa ƙarƙashin kaɗanya da ɗorawa. Ni dai tun daga nan na fara ganin abin a idona: jar mota tana tafe cikin tururin safiya kamar jirgin ruwa, mace tana rakiyarta a ƙafa, kurciyoyi ko tashi ba sa yi. Na manta da ɓarawo muke nema. Ji nake kamar idan muka ƙara sauri za mu cim musu a bayan itacen gaba.

A wata kwana tayar dama ta hau kunyar doya, ƙatuwa, wadda ko yaro mai koyon keke zai kauce mata. Motar ta tsaya a nan, ta ɗan ja baya, ta gyara.

"Ɗan koyo ne," na ce.

Baba Shekwolo ya wuce gaba. Muka gangara wani rafi mai yashi. A nan na ga abin mamaki. Mota mai ƙasa-ƙasa irin wannan, a yashi mai laushi, idan ka saki kuloci da gaggawa ta nutse, idan ka yi nawa ta mutu. Wannan ta haye sumul, taya ba ta juya a banza ko sau ɗaya ba, cikinta bai taɓa ƙasa ba.

"Yanzu fa?" ya ce.

"Baba, wannan ƙafar gwani ce. Mutum biyu na sani a Minna da za su iya haka."

"To, ga gwani da ba ya kauce wa kunyar doya."

Bayan rafin akwai wani fili shimfiɗaɗɗe inda Fulani suka taɓa zama, ba itace, ba dutse. A bakinsa sawun silifar ya tsaya, ƙafa biyu a haɗe, sun nutse kamar an daɗe a tsaye. Daga nan tayoyin suka tona ƙasa, suka watsa laka baya, sawun ya miƙe sambal har tsakiyar filin. Can sai dogon jan birki. Sawun silifar kuma ya bi baya a guje, ɗaya ma ta cire a hanya, an dawo an ɗauka.

Muka tsaya muna kallo. Iska tana kaɗa ciyawa a kan layukan nan biyu.

"Ya roƙe ta ne," in ji Baba Shekwolo a hankali. "Ta duba masa ba komai a gaba, ta sake shi."

Motar muka samu a wata tsohuwar gona, tsakanin rumbun doya da ya rushe da itacen mangwaro, an jingina mata zana ta ko'ina. Ko ƙwarzane babu. Na ɗaga zana ɗaya na dafa bonet, sanyi ƙalau, ganye ya zuba a kai.

Baba Shekwolo ba motar yake kallo ba. Ya kira ni ya nuna mini sawun komawa. Silifa a gaba. Takalmin namiji a baya, ɗan gefe kaɗan, taku gajere, tsinin takalmin yana share ƙasa kafin ya sauka.

"Juya," ya ce. Ya dafa kafaɗata, ya rufe ido. "Yi tafiya."

Na yi 'yan taku. Muka waiwaya. Sawunmu da nasu ba bambanci.

Na zauna a ƙasa daɓas. Na tuna rabon da in ga Alhaji yana tuƙi a cikin gari, da yadda yake cewa ramukan Minna ba na Datsun ba ne. Na tuna tabarau a cikin falo mai duhu. Mun yi ta yaba masa cewa ya iya gayu. Kaico, mu da muke cewa muna ƙaunarsa.

Sawun bai ɓace mana ba har ƙofar baya ta gidan Alhaji Ndaliman.

*

Bayan la'asar aka taru ƙarƙashin mangwaron gareji. 'Yan ƙungiya duk sun zo, da Yisa, da Esta, da rabin unguwa. Saje ya kawo Irimiya, ya zaunar da shi a kan wata tsohuwar taya. Kwana ɗaya kawai, amma fuskarsa ta faɗa. Aka kawo wa Alhaji kujera. Halimatu ta tsaya a bayan mata.

Baba Shekwolo ya miƙe. "Motar tana nan lafiya, Malam Jiya ya taɓa ta da hannunsa. Yisa ba ruwansa. Irimiya ba ruwansa, ya bar unguwar nan kafin a tada injin. A sake shi ya tafi gida."

Wuri ya ɗauki surutu. Saje ya ɗaga hannu. "Baba, na ji. Amma an kawo mini ƙarar sata, kwaɗo ba a fasa ba, makulli yana aljihunsa, kuma ya ƙi faɗin inda ya je. Idan ba shi ba ne, wane ne? Ba zan sake shi a kan iska ba."

"Ni ƙasa nake karantawa, ranka ya daɗe. Zan faɗi abin da ke ƙasa. Suna kuma, mai shi yana nan, yana da baki."

Sai ya faɗa, dalla-dalla, ba tare da ya kalli kowa ba. Motar da ta yi tafiyar ƙafa. Macen da ke gefen ƙofa. Kunyar doya, da rafi, da filin da aka yi gudu sau ɗaya. Da ya zo kan sawun komawa, sai ya ce kawai, "Namijin yana dafe da kafaɗarta." Ya zauna.

Na kalli Alhaji. Bakinsa a rufe. Na ce a raina, wallahi idan ya sake yin shiru yau, ni zan faɗa, abotar ta mutu.

"Silifata ce."

Halimatu ce. Mata suka dare, ta fito tsakiya. "Ni na ninke tamfol. Ni na yi ta ce masa dama, hagu. Saje, idan kamu ne ga ni. Daren jiya ko runtsawa ban yi ba, ina jin kukan Esta ta katanga."

"Ya isa, Halimatu," in ji Alhaji.

Ya cire tabarau. Idanun suna nan kamar na kowa, sai dai ba a kan kowa suke ba.

"Bara ina ganin hanya kamar ta cikin ruwa," ya ce. "Bana inuwa kawai nake gani. Na je asibiti har Kaduna, sun ce ba dawowa. Idan na ce na fasa tsere, za ku tambaye ni dalili. Idan na shiga, in kashe Irimiya, ko in kashe ɗan wani a Beji. Sai na ce bari in ɓoye ta har Asabar ta wuce, Lahadi a tsince ta. Ban kawo kowa a raina ba. Da na ji an riƙe shi, na buɗe baki, sai na ji idan na yi magana daga ranar na zama makaho a garin nan. Tsoro ya kama ni. Ba ni da wata hujja, tsoro ne."

"Tsoro!" Esta ta zabura. "A kan siminti ya kwana, Alhaji! An kira shi ɓarawo a gaban 'yarsa. Wa zai ƙara kawo masa mota?"

Ba wanda ya ce ta yi shiru. Gaskiyarta ce.

Saje ya juya ga Irimiya. "Kai kuma, ina kake zuwa da asuba?"

"Hanyar Beji." Muryarsa a bushe. "Ina auna ta da ƙafa. Kowace kwana, kowane rami. Dokar ƙungiya ta hana duba hanya a makon tsere, na sani. Amma bara da ƙyar muka dawo da rai. Na ce bana sai na haddace ta yadda ko ya rufe ido zan kai shi in dawo da shi."

Alhaji ya ɗago kai. "Ka sani?"

"Oga, ni ke zaune a gefenka. Tun ranar da ka tambaye ni ko gada ce a gaba, muna kan gadar."

"Me ya sa ba ka faɗa musu jiya ba?"

"Da na ga ninkin tamfol na san ba ɓarawo ba ne. Idan na ce ina auna hanya, za a ce don me. Ba nawa ba ne in faɗa." Sannan ya ƙara, "Na ɗauka dai kafin dare za ka zo."

Wannan maganar ta fi zagi ciwo. Yisa ya juya baya yana share fuska da hula. Saje ya ciro makullin Datsun daga aljihu, ya miƙa wa Irimiya, ya ce shi ya gama nasa, mutum ba ya satar motarsa.

Irimiya ya tashi daga kan tayar. Bai sa makullin a aljihu ba. Ya taka a hankali ya ajiye shi a kan bencin kayan aiki, ya kama hannun Esta, suka nufi ƙofar gida. Mutanen da suka riƙe masa riga jiya suna ta matsawa suna ba shi hanya, ba mai iya haɗa ido da shi.

Alhaji bai san ya tashi ba. Ya miƙe daga kujera, ya fuskanci inda ya ji muryar Irimiya a ƙarshe, ya durƙusa a cikin ƙasar gareji mai baƙin mai, da farar rigarsa. Ya miƙa hannu biyu.

"Irimiya, na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah."

Ba kowa a gabansa sai tsohuwar taya. Mu duka muna gani, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya masa. Hannuwan suna nan a miƙe cikin iska.

Irimiya yana bakin ƙofa, ya juya mana baya. Esta ta ja hannunsa. Ya daɗe a haka, har na fidda rai. Sai ya zare hannunsa daga nata, ya zame takalmansa a nan bakin ƙofa, ya dawo da ƙafa tsirara ba ko motsi. Ya zagaya ta bayan mutane, ya zauna a kan tayar kamar bai taɓa tashi ba, sannan ya kama hannuwan.

"Na ji, Oga," ya ce. "Tashi, rigarka za ta ɓaci."